Wasiƙun Gwandu: Yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo Ya Yi Jayayya da Jininsa a Rubuce

A watan Afrilu na shekarar 1817 Allah ya yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo rasuwa a Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga lokacin da labari ya iske shi. Riwayar da ta shahara ta ce ko da ya iso Sakkwato sai ya tarar an rufe ƙofofin gari, an kuma riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ya juya, daga bisani ya tare a Gwandu.

Sai mai karatu ya san ko wane ne aka rufe wa ƙofa kafin ya gane nauyin wannan rana. Malam Abdullahi ya ba shekara hamsin baya, Bello kuwa yana da talatin da shida. Shi ne wazirin Shehu tun farkon al'amari. Yana kan gaba a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, shi ya jagoranci cin Birnin Kabi a 1805, kuma tun 1812 yammacin daular ke hannunsa. Bayan haka duka, Bello ɗalibinsa ne, a gabansa ya yi karatun Larabci. Mutum mai irin wannan matsayi, da mayaƙa da ƙasa da magoya baya, a mafi yawan masarautun da tarihi ya sani takobi yake zarewa. Malam Abdullahi ya ɗauki alƙalami ya rubuta littafi a kan sharuɗɗan shugabanci. Bello ya mayar masa da amsa da wani littafin.

Wannan musayar rubutu ita ce zuciyar shekarun ƙarshe na rayuwar babban marubucin Gwandu, kuma tana cikin dalilan da suka hana sabuwar daular tsagewa biyu tun tana jaririya.

Mene ne wasiƙa a wancan zamani?

Idan aka ce wasiƙun marubuci, tunanin ɗan boko yakan tafi ga takardun sirri da ake tarawa bayan mutum ya mutu, inda yake faɗa wa amininsa abin da ba zai faɗa a bainar jama'a ba. A duniyar malaman ƙarni na 19 iyakar da ke tsakanin wasiƙa da littafi siririya ce ƙwarai. Kalmar Larabci guda, risala, tana nufin saƙon da aka aika wa mutum, tana kuma nufin ƙaramin littafi a kan mas'ala ɗaya. Malami zai aiko da tambaya, a ba shi jawabi, almajirai su kwafe jawabin, bayan shekara goma ya zama abin karantarwa a zaure. Wani lokacin ma wasiƙar ƙasida ce, kuma ladabin amsa ta shi ne a mayar da martani a kan karin waƙar da amsa-amonta.

Tsadar kayan aiki ta ƙara wa kowace kalma daraja. Takarda daga ƙetaren Sahara fatake ke kawo ta, yawancinta ƙirar Italiya, ta biyo ta Tarabulus. Tawada da alƙalami a gida ake haɗa su. Manzo ne ke ɗaukar saƙo a gafaka, a kan doki ko a ƙasa, kuma sau da yawa a gaban jama'a ake karanta shi. Wanda ya zauna zai rubuta wa ɗan'uwansa ya san da wuya maganar ta tsaya tsakaninsu su biyu. Alƙalai za su ji ta, almajirai za su kwafe ta, abokan hamayya za su auna ta. Saboda haka ko ɓacin rai ne, dole ya sa rigar hujja kafin ya fita daga gida.

Gidan Fodiyo sun ɗauki wannan fanni da muhimmanci. Bello ya adana musayar wasiƙun da aka yi da Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi na Barno a kan halaccin jihadin a cikin littafinsa Infaƙul Maisur na 1812, har da hujjojin da Alkanemi ya kafa a kansu. Mutane ne da suka saba ajiye maganar abokin jayayya kusa da tasu, su bar wa na baya hukunci.

Mutumin da ya tattara takardunsa

Malam Abdullahi ya shiga tarihi ne ta hanyar amsa wasiƙa. Wajen 1786, lokacin da Shehu ke yawon wa'azi, wani malamin Barno mai suna Mustafa Gwani ya aiko da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar majalisin Shehu. Shehu ya umarci ƙanensa, wanda bai wuce shekara ashirin ba sosai, ya ba da amsa. Ya amsa a waƙe, ya ce ba su yarda da cakuɗuwar maza da mata ba, amma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wannan muni. Bayan 'yan shekaru ya sake aika wata ƙasida, Risalatun Nasa'ih, ga malaman danginsa da suka ja baya daga taimakon Shehu, wasu daga cikinsu kuma suka amsa kiran.

Mun san waɗannan ne domin shi da kansa ya tattara su. A 1813, yana dab da shekara hamsin, ya haɗa Tazyinul Waraƙat, inda ya jera waƙoƙinsa, kowace da bayanin dalilin yin ta da halin da ake ciki. Shekara guda kafin nan ya rubuta Ida'un Nusukh, jerin malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya sauke. Idan aka haɗa su biyun, za a ga dattijo yana gyara kundinsa, yana tsara yadda yake so a fahimce shi.

A cikin Tazyin ɗin ne ya bayyana abin da wani zai so ya ɓoye. Wajen 1807, ana tsakiyar yaƙi, ransa ya ɓaci da yadda ya ga son mulki da dukiya sun shiga zukatan jama'a, bayan yawancin abokansa na farko sun yi shahada. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano mutane suka tsayar da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo. Wannan hali na mutumin da ke ganin an fara kauce wa manufa, kuma ba ya iya yin shiru, shi ne zai sake bayyana a duk rubutunsa na baya.

Tsakanin wa da ƙane

Kafin ya yi jayayya da ɗan wansa, sai da ya yi da wan nasa. A 1812, shekarar da aka raba tafiyar da mulki tsakaninsa da Bello, ya rubuta Liya'us Sulɗan, inda ya saɓa wa wasu fatawowin Shehu. A cikin wannan shekarar Shehu ya rubuta Najmul Ikhwan, wanda ya taɓo waɗannan mas'aloli. Abubuwan da suka saɓa a kai sun haɗa da laƙaban sarauta, da kaɗe-kaɗe, da tufafin ƙawa ga shugabanni. Malam Abdullahi yana tsoron kada a wayi gari an mayar da sarautar da aka yaƙa, an sauya mata masu riƙo kawai. Shehu, wanda nauyin haɗa kan jama'a ke wuyansa, ya karkata ga sauƙaƙawa a duk inda malamai suka yi saɓani.

Akwai mas'ala guda da ta fi sauran nauyi, wato hukuncin Musulmin da ya taimaki waɗanda ake yaƙi da su a kan 'yan'uwansa Musulmi. Shehu, bisa fahimtarsa ga fatawar Almagili, ya ɗauki wannan jiɓinta a matsayin kafirci. Malam Abdullahi ya ce saɓo ne babba, amma shi kaɗai bai isa ya fitar da mutum daga Musulunci ba. Wannan magana ta wuce gardamar zaure. A fiƙihun lokacin, a kanta ne ake yanke abin da zai sami mutum da iyalinsa da dukiyarsa idan an ci garinsu, har da batun ko za a iya bautar da su. Ƙanen Shehu ya tsaya a gefen da ya fi taƙaita ikon mai nasara, kuma ya rubuta hakan Shehu yana raye.

Yadda Shehu ya karɓi abin shi ne darasin. A cikin Najmul Ikhwan ɗin dai ya shawarci almajirai su karanta littattafan ƙanensa domin ya fi kula da kiyaye zahirin shari'a, su karanta na ɗansa Bello domin ya fi kula da ilmin siyasar al'umma, su karanta nasa domin yana ƙoƙarin kiyaye ɓangarorin biyu. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, in ji Hausawa. Shehu ya mayar da saɓanin gidansa manhajar karatu.

Littattafai biyu na 1817

Da wannan tarbiyya aka shiga rikicin gado. Cikin ɗan lokaci bayan rasuwar Shehu, Malam Abdullahi ya rubuta Sabilus Salama fil Imama, wato hanyar kuɓuta a sha'anin shugabanci. Ya bi sharuɗɗan da malamai suka gindaya wa imami, da hanyoyin naɗa shi, da batun fifita wanda ya fi cancanta. Duk wanda ya karanta shi a Sakkwato a wannan shekara ya san inda aka dosa, musamman da yake marubucin ya daɗe yana gargaɗi a kan bambancin halifanci da sarautar gado. Hannunka mai sanda ne, amma da hujjojin fiƙihu.

Amsar Bello tana cikin sunan littafinsa: Al'insaf, a kan abin da aka yi ittifaƙi da abin da aka yi saɓani a mas'alolin halifanci. Dabarar mahaifinsa ya ɗauka. Idan malamai sun saɓa a kan mas'ala, to akwai faɗi a cikinta, kuma mubaya'ar da manyan jama'a suka ƙulla ba ta rushewa don wani ya zaɓi ɗaya ra'ayin.

Kowannensu yana da abin da yake karewa na gaskiya. Malam Abdullahi yana kallon manufa: idan ɗa ya gaji uba a karon farko, wa zai hana abin ya zama al'ada? Tarihi ya nuna tsoronsa yana da tushe, domin sarautar Sarkin Musulmi ta zauna a zuriyar Shehu, ta Gwandu kuma ta zauna a tasa zuriyar. Bello yana kallon wutar da ke ci: da jin rasuwar Shehu, ƙasashe da dama suka yi tawaye, Zamfara da Gobir da Kabi duk suka motsa. Daular da ke cikin wannan hali ba ta da sararin doguwar muhawarar zaɓe.

Kusan shekara huɗu baffa da ɗa suna nesa da juna, Gwandu ba ta yi mubaya'a ba, Sakkwato ba ta tilasta ba. Amma ba a ɗaura yaƙi tsakaninsu ba. Jayayyar ta zauna a kan takarda, inda za a iya amsa ta, a kwafe ta, a ajiye ta har zuciya ta huce.

Kamar kowace wasiƙar zamanin, wannan ma ta sami masu karatu daga nesa. A Masina, cikin ƙasar Mali ta yau, Shehu Ahmadu Lobbo ya yi nasarar nasa jihadin a 1818, ya kafa birnin Hamdullahi. An yi musayar wasiƙu tsakaninsa da shugabannin daular Usmaniyya a kan ko wajibi ne ya yi musu mubaya'a, kuma masana tarihi suna ganin rashin daidaituwar Gwandu da Sakkwato a waɗannan shekaru ya ba shi hujjar tsayawa da ƙafafunsa. Masina ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Jayayya a rubuce ma tana da farashinta.

Wasiƙun da ba su hana jini ba

Kada a ɗauka takarda kullum tana kashe wuta. A daidai wannan lokaci akwai wata musayar wasiƙu da ta ƙare da yaƙi. Malam Abdussalami, Ba'are, yana cikin manyan almajiran Shehu da ba Fulani ba, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kunna jihadin. Bayan nasara ya ga bai sami rabon da ya dace da shi ba. Daga Kware ya yi musayar wasiƙu da Bello, yana kukan zalunci da yadda aka kasafta ƙasa tsakanin manya, har da zanen da ke nuna rabon kowa. Bello ya adana wasiƙun a littafinsa Sardul Kalam. Ƙarshenta aka yi yaƙi, aka ci Kware, Abdussalami ya rasu da raunin da ya samu a farkon 1818.

Me ya bambanta shi da Malam Abdullahi, alhali koke-kokensu sun yi kama ta wasu fuskoki? Abu na farko shi ne Abdussalami ya haɗa kai da waɗanda ke yaƙar daular, wanda a fatawar Shehu da Bello ya fitar da shi daga da'irar masu saɓani ya sa shi cikin abokan gaba. Na biyu kuwa, gaskiya ce mai ɗaci: shi ba ɗan gida ba ne. Haƙurin da aka yi da baffa bai kai ga almajiri ba. Duk wanda zai yabi ladabin saɓani na gidan Fodiyo, ya kamata ya riƙe wasiƙun Kware a ɗaya hannun.

Abin mamaki, ragowar wannan tawaye ne ya sulhunta Gwandu da Sakkwato. Mutanen Abdussalami da suka tsira sun taru a Kalambaina, a ƙasar Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi. Wajen 1821 Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. Riwaya ta ce da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, ya gaishe shi da laƙabin Amirul Muminina. An kuma ce ya miƙa wa Giɗaɗo ɗan Laima alkyabbarsa, alamar ya sallama masa wazirci. Daga baya Buhari ɗan Abdussalami ya yi sulhu da Gwandu, shi ne ya kafa Jega.

Zumunci a ƙafa yake. Rubutu ya tsare ƙofar sulhu a buɗe na tsawon shekaru, amma sai da ɗa ya tako da kansa aka shige ta.

Shekarun ƙarshe

Bayan Kalambaina Malam Abdullahi ya janye daga yawancin harkokin mulki, ya bar su a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu. Tun wajen 1816 ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, wanda aka buga a Alƙahira a 1961. A 1822 ya fitar da taƙaitaccensa, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, domin ɗaliban ƙasar nan da babban ya yi wa nauyi. Mutumin da ya shafe shekaru yana rubuta wa sarakuna da malamai ya ƙare yana rubuta wa almajiri mai rauni.

Ya rasu a Gwandu a 1829, a can kabarinsa yake. 'Yar wansa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi masa marsiyya da Fulatanci. Daga gidan wazirin da ya gaji muƙaminsa aka yi kukan rashinsa.

Garin da ya bari ya ci gaba da zama gidan takardu. A 1853, zamanin ɗansa Sarkin Gwandu Halilu, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Gwandu. Halilu bai yarda ya gan shi ba, amma a garin ne Barth ya sami kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tumbutu, ya kwafi sassansa ya aika Turai. Fannin rubuta wasiƙa kuma ya bunƙasa har ya sami littafin koyarwa: Alhaji Umaru, haifaffen Kano mai asali da Kabi, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Karachi ta ƙasar Gana a 1934, ya rubuta jagorar tsara wasiƙu tun yana saurayi, wajen 1877. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Da yawa daga abin da aka sani game da kwanakin ƙarshe na daular daga wannan tari ya fito.

Abin da ya rage a hannunmu

Muna iya bin sawun rikicin 1817 ne saboda waɗanda suka yi shi sun rubuta hujjojinsu, sun sa kwanan wata, kuma magadansu ba su ƙone takardun ɓangaren da bai yi nasara ba. Littafin da ya ƙalubalanci naɗin Bello ya rayu a hannun malaman daular da Bello ya mulka. A yau manyanmu suna saɓawa ta bakin 'yan koren siyasa da gajerun saƙonnin waya da ake gogewa kafin gari ya waye. Mai binciken da zai zo bayan shekara ɗari zai sami hayaniya mai yawa, amma da wuya ya sami takarda guda inda wani babba ya zauna ya jera dalilansa, ya sa hannu, ya aika wa wanda yake jayayya da shi.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Wani ɓangare na rubutun wancan zamani yana adane a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da cibiyar tarihi mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato. Wani ɓangaren kuwa yana gidajen malamai da alƙalai, a cikin gafaka da akwatunan ƙarfe, inda gara da ɗigon damina da rabon gado ke cin sa a hankali. Duk mai dangi a ƙasar Gwandu, daga cikin gari har Maruda da Kambaza da Dalijan, ko a Kalgo da Jega, yana da tambayar da zai yi a gida idan ya je hutun salla: ina takardun kaka suke, wa ke riƙe da su, kuma an taɓa ɗaukar hotonsu? Wayar da ke aljihunsa ta isa fara wannan aiki, shafi bayan shafi, kafin a nemi wanda zai karanta.